Uwar Aro

Shekara talatin da ɗaya Kimlang ta yi tana sayar da taliya da romon agwagwa a mashigin Tha Makham, inda kwalekwale ke sauke masu zuwa kasuwa, kafin sojoji su sanar da ita cewa ita baƙuwa ce.

A garin aka haife ta, a bayan shagon babanta mai gyaran fitilu. Baban ne ya zo daga ƙasar Sin yana saurayi, uwarta kuwa 'yar manoman shinkafa ce daga tsallaken kogi. Kimlang ba ta taɓa ganin ƙasar Sin ba, abin da ta iya na yarensu bai wuce zagi da sunayen abinci ba. Ta auri ɗan irin wannan haɗin, zazzaɓin damina ya ɗauke shi, ya bar ta da ɗa guda mai suna Tekseng. Da tukunyar romon nan ta rene shi har ya zama dogon saurayi mai faɗin kafaɗa, wanda in ya yi dariya sai an jiyo shi daga tsallake.

Shekarar da sojoji suka kori 'yan majalisa suka kafa abin da suka kira Majalisar Farfaɗo da Ƙasa, mutanen Tha Makham ba su damu sosai ba. Sun saba a yi juyin mulki a Bangkok, su ji labari bayan kwana uku, su ci gaba da cinikinsu. Amma waɗannan ba su tsaya a Bangkok ba. Suka buɗe yaƙi a iyakar gabas, wai akwai ƙasar kakanni da za a ƙwato. Suka ɗaure lasifika a jikin tsamiyar da ke tsakar kasuwa, kullum ƙarfe takwas na safe a sa taken ƙasa, kowa ya ƙame inda yake ko da ludayi a hannunsa, sannan a karanta sabuwar doka. Yau a ce kada a shiga kasuwa ba takalmi, gobe a ce kowane gida ya rataya hoton Babban Kwamanda sama da na iyayensa. Mata suna ta dariya a ɓoye, har ranar da aka aske wa wata tsohuwa kai a gaban jama'a don ta ci gaba da juya ayaba a kasko ana taken ƙasa. Daga nan dariyar ta ragu.

A damina ta biyu aka kira samari aikin soja. Tekseng ya je wurin rajista, ya dawo da suna daban. Magatakarda ya ce sunansa ba ya zama a bakin ɗan ƙasa, ya buɗe wani littafi ya zaɓa masa Wirayut. Uwarsa ta gwada sunan sau biyu, ta ce kamar sunan maganin tari. Shi kuwa ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce ta kira shi yadda ta saba, ai wannan sunan na kaki ne, ranar da ya tuɓe kakin tare zai tuɓe su. Ranar tafiya ya durƙusa ya haɗa tafukansa a kan ƙafafunta, ta ɗaura masa farin zare a wuyan hannu. Ba ta yi kuka a tasha ba, don an hana. An ce kukan iyaye yana karya zuciyar ƙasa.

Bai cika wata uku da tafiya ba lasifika ta karanta doka ta goma sha tara. Sayar da abinci da aski da tuƙa kwalekwalen haya sun zama sana'o'in 'yan ƙasa na asali kaɗai. Wanda ubansa ya zo daga waje baƙo ne, ko a ina aka binne cibiyarsa. Kimlang ta je ofishin gunduma ta tambaya yadda aka yi ɗanta ya isa ɗaukar wa ƙasa bindiga, ita kuma ba ta isa sayar wa ƙasa taliya ba. Aka ce mata dokar soja daban, dokar kasuwa daban, aka ba ta wani jan kati ta riƙa yawo da shi.

Wadda ta fitar da ita daga wannan ramin ita ce Bunruean, maƙwabciyarta ta shekara ashirin da biyar, katangar gora ɗaya ce tsakaninsu. Bunruean tana kitsa furanni ta sayar a ƙofar haikali. Mijinta ya daɗe da mutuwa, ba ta taɓa haihuwa ba, ita ce ma ta riƙe Kimlang ranar da ta haifi Tekseng, shi ya sa yaron ya tashi yana ce mata Goggo. Ta leƙo ta saman katanga ta sami Kimlang zaune gaban tukunyar da ba wuta.

"Yaya, tashi ki hura wutarki," in ji ta. "Ke ki dafa a bayan gida, ni in zauna a mashigi da lasin mai sunana. In sun tambaya in ce daga kakata na gada. Su waɗannan da ba su san bambancin agwagwa da dinya ba."

Haka suka yi. Kowa a garin ya san hannun da ke dafa romon, har 'yan sandan da ke zuwa ci, ba wanda ya ce uffan. Wasiƙun Tekseng ma gidan Bunruean suke zuwa, don an san na baƙi sai sun yi wata a hannun masu bincike. Matan biyu sukan kai wa wani tsohon malamin makaranta ya karanta musu. Yana cewa yana lafiya, an ba shi kofur, sauro ya fi abokan gaba yawa, a gaida Goggo, a gaida Inna.

Wata safiya a farkon rani, Kimlang tana tsugune a bayan gida tana figar agwagwa, lasifika ta gama taken ƙasa ta shiga ba da labari. An ce wani kofur ɗan Tha Makham ya tsaya shi kaɗai a bakin wata gada da bindigarsa, ya tare abokan gaba tun hantsi har la'asar, har rundunarsa ta tsallake, sannan ya faɗi. An ce Babban Kwamanda da kansa ya zubar da hawaye. Aka faɗi sunan sau uku. Kimlang ta ji, ta ce a ranta kai, wata uwa ta shiga uku yau, ta ci gaba da figa. Sai da ta ga Bunruean tsaye a ƙofar baya ba takalmi, ta baro tukunya a mashigi, sannan sunan ya sauka mata. Wirayut. Ta dubi gashin agwagwar da ya manne mata a yatsu, ta yi ta ƙoƙarin cire shi, ya ƙi fita.

Kwana biyu ta jira a zo a gaya mata, ba wanda ya zo. Mota ta zo dai, amma ƙofar Bunruean ta tsaya, matar gwamna ta fito da ɗinkin baƙin siliki a hannu. A rana ta uku Kimlang ta ɗauki jan katinta ta tafi barikin garin, wurin Kyaftin Chalo.

Wannan Chalo ɗan wani mai fito ne. Yana ƙarami ya sha zama a gindin tukunyarta tana zuba masa romo da wuyan agwagwa ba ta karɓi komai ba. Yanzu ya yi ƙiba, yana da tebur da fanka. Ya sallami sojan da ke ƙofa, ya rufe, sannan ya ce mata Inna kamar da. Ya jawo wata takarda ya juya mata. Kimlang ba ta iya karatu sosai ba, amma ta san manyan haruffan ɗanta masu kama da na ɗan aji biyu, ta kuma san sunan Bunruean, don kullum tana ganinsa a jikin lasin. Yana nan a layin da aka ce a rubuta sunan uwa.

Chalo ya yi mata bayani a hankali. 'Ya'yan baƙi ba a ba su bindiga, shebur ake ba su, a tura su haƙa hanya a dajin da zazzaɓi ke kashe rabinsu kafin wata shida. Tekseng ya san haka, sai ya rubuta Goggonsa a matsayin uwa, uba kuma ya ce ya mutu. Shi Chalo ya gani, ya yi shiru, don alheri. Yanzu kuwa labarin ya kai Bangkok, an buga a jarida, an tsara waƙa, janar zai zo ranar Asabar. Idan aka ji jarumin ƙasa jikan mai gyaran fitila ne daga Sin, za a soke lambar, a kira shi maƙaryaci, a zuba ƙasusuwansa a rami ɗaya da na 'yan haƙa. Shi kansa Chalo bai san inda za a kai shi ba.

"Ranka ya daɗe, to ni mece ce?" in ji Kimlang.

Ya dubi fankar. "A takarda, maƙwabciya."

Ta ce ba ta son lamba, ba ta son waƙa, a ba ta ƙasusuwan kawai ta kai haikali a yi masa addu'a da sunan da ya sani. Ya ce an riga an ƙone gawar a bakin daga, tokar tana cikin tulun tagulla, kuma tulun na ƙasa ne, za a rufe shi a cikin ginshiƙin tunawa da ake ginawa a filin makaranta. Da ta miƙe za ta fita ya ce, cikin ƙaramar murya, in tana ƙaunar yaron ta kama bakinta ranar Asabar.

Bunruean ta rantse mata da duk abin da take bauta wa cewa ba ta san da takardar ba. Ta ce za ta kwanta ta ce ba ta da lafiya. Kimlang ce ta hana ta. Ta ce ta je, gara a ce hannun da ya san shi ne ya karɓe shi. Ita ce ma ta rage mata tsawon baƙin silikin, don ya yi mata yawa.

Ranar Asabar aka kori kowa daga kasuwa zuwa filin. Masu jan kati aka tsayar da su a can gefe bayan igiya, inda ake jingine kekuna. Daga nan Kimlang take hango dandamali ƙarami kamar akwatin ashana. Sufayen haikali tara suka yi karatunsu, 'yan makaranta suka rera sabuwar waƙar, janar ya yi jawabi mai tsawo a kan jinin asali da ba ya gudu. Sannan aka kira uwar jarumi. Bunruean ta hau, janar ya durƙusa a gabanta, masu hoto suka yi ta haskawa, ya ɗora mata tulun a hannu. Ta rungume shi ta fashe da kuka, kukan gaske, wanda lasifika ta watsa har bakin kogi. Yau ba a hana kuka ba, an ma matso mata da makirufo. Da ta lafa aka raɗa mata abin da za ta ce, ta ce da tana da 'ya'ya goma, duk da ta ba ƙasa.

Kimlang ta buɗe baki za ta kwarma ihu. Matar mai kantin magani da ke tsaye kusa da ita, ita ma mai jan kati, ta damƙe mata wuyan hannu har farce ya shiga nama. Ba ta sake ta ba sai da magina suka sa tulun a ramin ginshiƙi suka shafe da siminti.

Da la'asar Bunruean ta shigo da tuta a naɗe da lambar a cikin akwatinta, ta ajiye a gaban Kimlang, ta zauna a ƙasa. Kimlang ba ta taɓa su ba. Abu ɗaya ta tambaya.

"Da nauyi?"

"Ba nauyi, Yaya," in ji Bunruean. "Kamar kin ɗauki ƙwarya."

Kimlang ta ce ta mayar da kayan gidanta, kada a zo dubawa a ga babu.

Bayan wata biyu aka ce Tha Makham ta zama yankin soja saboda layin dogo, duk mai jan kati ya bar garin cikin kwana goma da abin da zai iya ɗauka. Aka loda su a jiragen ruwa na dakon shinkafa aka yi arewa da su. Bunruean ta bi gaɓa tana kuka tana cewa za ta kula da gidan, za ta kula da tukunyar, za ta kula da shi. Kimlang ta yi shekara huɗu a wani ƙauyen masu saran katako tana dafa wa leburori shinkafa. Haƙoranta na gaba suka zube a can, matar mai kantin magani ta mutu a can.

Yaƙin ya ƙare ba a ƙwato ko taku ɗaya ba. Wasu sojojin suka kori waɗancan, aka sauke hotuna, aka kwance lasifika daga jikin tsamiya, aka ce jan kati ya daina aiki, kowa ya koma gidansa. Kimlang ta dawo a jirgin ƙasa da ƙunshi ɗaya. Gidanta ta tarar an mai da shi rumbun gawayi. Ba ta tsaya yin rigima a kai ba, ta wuce ofishin gunduma. Sabon magatakarda mutum ne mai kirki, ya saurare ta har ƙarshe. Ya ce sabuwar gwamnati ba ta taɓa jarumai ba, don jarumai na kowa ne, amma ana iya gyara takarda, har a sake sassaƙa rubutun ginshiƙi, idan ita wadda aka rubuta ta zo ta sa hannu cewa ba ita ta haife shi ba. Ba za a kama kowa ba, wancan zamanin ya wuce.

Gidan Bunruean ya sami rufin kwano da allon tagulla a ƙofa. Kimlang ta tarar da takalma jere a waje, wata malama ta kawo 'yan ajinta. Kimlang ta tsaya a bakin taga. Bunruean tana zaune a kan kujera, ta yi furfura, ta yi kyau, lambar tana ƙirjinta, tana ba da labarin ranar da Wirayut yana ɗan shekara biyar ya faɗa kogi daga mashigi, ita kuma ta yi tsalle da zaninta ta kamo shi ta gashi, alhali ba ta iya iyo ba. Ta nuna yadda ta riƙe shi. Kimlang ta tuna ɗanɗanon ruwan ranar a bakinta, da yadda ta yi kwana uku tana amai, da Bunruean tsaye a gaɓa tana ihu da furanni a hannu.

Da yaran suka watse ta shiga. Bunruean ta ƙura mata ido, sannan ta gane ta, ta rungume ta, ta yi kuka, ta kawo shayi da ayaba. Ta ce ba ranar da ba ta kai masa furanni ba, ko ranar ambaliya a kwalekwale ta je. Kimlang ta bari ta gama, sannan ta faɗi abin da magatakarda ya ce. Gobe da safe, sa hannu ɗaya.

Bunruean ta juya kofin shayinta.

"Yaya, me mutane za su ce? Shekara huɗu ina tsayawa gaban 'ya'yansu."

"Kowa a garin nan ya san wa ta haife shi."

"Waɗanda suka sani sun mutu, ko sun manta." Ta ajiye kofin, ba ta ɗago ba. "Ke kin same shi da rai shekara ashirin da biyu. Kin ba shi nono, ya kira ki Inna. Ni toka aka miƙo mini. Ita ma sai kin karɓe?"

Kimlang ta dube ta, ta nemi maƙwabciyarta a wannan fuskar, ta ga tana nan, ba ta je ko'ina ba, kuma da gaske take. Wannan ya fi mata ciwo. Da ƙarya take yi don rufin kwano, da ta san zagin da za ta yi mata, da yaren uwarta da na ubanta. Ta miƙe, ta bar shayin ba ta taɓa ba. Bunruean ta biyo ta har ƙofa tana cewa ga ɗaki nan, ta zauna tare da ita, su riƙa zuwa wurinsa tare.

Kimlang ta kwana a rumfar haikali. Washegari ta roƙi wata mai abinci aron murhu da kwano, ta sayi rabin agwagwa, ta yi romo yadda take yi, ta zuba taliya a kwano ta rufe, ta nufi filin makaranta rana tana tsaka. An kewaye ginshiƙin da shingen ƙarfe. Mai gadin wani tsohon soja ne mai ƙafa ɗaya, ramamme, ba ɗan garin ba. Ya ce cikin shinge na iyali ne da manyan baƙi, haka ya tarar da dokar, amma in tana so ya shigar mata.

"Iya, wa zan ce ta aiko?" ya tambaya, don ya saba a faɗa wa mamaci sunan mai sadaka.

Ta buɗe baki, ta rufe. "Ka ce Kimlang. Zai gane."

Ya dogara sandarsa ya shiga, ya ajiye kwanon a gindin ginshiƙi, ya faɗi sunan da ƙarfi, bai ma faɗe shi daidai ba. Ta haɗa tafukanta daga bayan ƙarfen, ta ɗan jima, sannan ta juya. Da ta kai bakin titi ta waiga, ta hango shi zaune a inuwar ginshiƙin ya ba hanya baya, kwanon a cinyarsa, yana ci hannu baka hannu ƙwarya irin cin wanda ya kwana biyu bai ga nama ba. Ta tsaya a rana har ya ɗaga kwanon ya shanye romon. Sannan ta koma ta karɓa, don kwanon na aro ne, mai shi tana jira.